Mun Rasa Justina

Kaduna,
6 ga Agusta, 1979

Zuwa ga ƙanena Yunana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu. Ina fatan kana lafiya, kai da Matta da yara. Yaya aikin dam, yaya damina a can Talata Mafara? Mu nan lafiya lau, sai dai gwiwata ta hagu da ta matsa mini tun Ista.

Bayan haka, ka san bikin waƙoƙi da babban cocinmu ke yi duk ƙarshen Nuwamba, inda ƙungiyoyin mawaƙa ke zuwa daga Zariya da Jos da Kano su rera tsofaffin waƙoƙin majami'a na Ingila. To, bana na sa an saka sunanku. Kada ka ɗauka a sauƙaƙe abin ya zo. Rabin 'yan kwamiti ba su san inda Mafara take ba, sauran kuma sun ce masu walda da direbobin katafila ba za su iya waƙa mai murya huɗu ba. Sai da na miƙe tsaye a gaban Babban Fasto na ce mai koyar da su jikan ƙanen kakata ne, a Wusasa aka raine shi, ni kuma na koya masa do-re-mi. Saboda haka idan kun ji kunya, da ni kuka ji.

Ga takardun waƙar nan na haɗo maka. A hankali ake rera ta, ba irin gudun da kuke yi kamar ana korar ku ba. Babu ganga, babu tafi, babu rangaji. A shafi na uku akwai wurin da kowa ke yin shiru, mace ɗaya ta hau sama ita kaɗai. Wannan na Justina ne. Gaskiyar magana, da ban san tana wurinku ba, da ban buɗe baki a kwamiti ba. A duk Kaduna babu mai muryarta.

Tun da na ambace ta, na je Wusasa makon jiya na ga mahaifinta. Baba Samuel yana nan kan bakansa. Ka tuna ranar da ta karɓi aikin jinya a wurinku, wata biyu kacal da binne mahaifiyarta, ya ce mata idan ta hau motar nan kada ta zo jana'izarsa. Shekara uku ke nan bai kira sunanta ba. Na ce masa za ta yi waƙa a Kaduna, ko zai zo? Bai ɗago kai daga katakon da yake gogewa ba, ya ce yana da bencin mutane da bai gama ba. Ko ka gaya mata ko ka bari, kai ka sani.

Ka ba Ɗanasabe amsa, direban motar shanun mai gidan da kake haya, tun da duk mako yana shigowa Kaduna. Kuma ka rubuta yadda mutum zai iya karantawa.

Yayarka,
Cecilia

Talata Mafara,
3 ga Satumba, 1979

Zuwa ga Yaya Cecilia,

Gaisuwa da girmamawa. Na sami wasiƙarki, na gode. Allah ya sawwaƙe ciwon gwiwa. Matta tana gaishe ki, yara sun yi mura amma sun warke. Ruwa kam ana samu, gero ya yi kyau a inda aka bar mutane suka shuka.

Yaya, na gode da kika tsaya mana, amma da kin tambaye ni kafin ki miƙe tsaye. Kin san irin mawaƙan da nake da su? Mutane ne da suke wuni a bakin kanal ɗin ban ruwa, su zo koyon waƙa kunnuwansu na ƙara. Masu babbar murya uku gare ni. An sallami ɗaya saboda aikin kankare ya ƙare, ya koma garinsu. Ɗaya kuma, Jibrin mai walda, murya gare shi kamar injin niƙa, amma bai yarda akwai abin da ake kira rage murya ba. Cocinmu na kwano ne, da an fara ruwa ba ka jin na kusa da kai. Ɓera ya ci fatar ogan ɗinmu, abin kiɗan coci, sai ka taka sau uku kafin ya amsa sau ɗaya.

Turancin waƙar ma wani abu ne. Na kai wa wani injiniya cikin Italiyawan kamfani ya taimaka mini da wasu kalmomi, ya duba, ya rera layi biyu, ya mayar mini ya ce mutanen da ba sa ganin rana ne suka rubuta ta.

Duk wannan mai sauƙi ne. Kin ji labarin mutanen Maradun da ruwan dam ya cinye musu gidaje da gonaki aka mayar da su tudu. Rijiyoyin sabon wurin ba su ishe su ba, ga damina, sai amai da gudawa ya ɓarke. Ana ta binne yara, har da manya. Aka kwashi masu jinya na nan aka kai can, har da Justina. Ba dare ba rana suke aiki, a cikin masu ciwon suke kwana. Yaya, ba zan ɓoye miki ba, mun rasa Justina. Ranar Lahadi na tsaya a gaban mawaƙa na kalli wurin zamanta babu kowa, na rasa ta inda zan fara. Kowa jikinsa ya yi sanyi. Matta ta gwada shafi na uku don ta ƙarfafa mini zuciya, ba ta kai rabi ba muka haƙura.

Yanzu ki gaya mini yadda za mu yi da shafi na uku. Ko a tsallake shi, ko ki nemo mana wata a Kaduna, ko a cire sunanmu gaba ɗaya. Ni dai kaina ya ɗaure.

Ƙanenki,
Yunana

Kaduna,
12 ga Satumba, 1979

Yunana,

Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa. Ya ba mu haƙurin jure wannan rashi, mu da ku gaba ɗaya. Ka yi wa Matta ta'aziyya, da dukan 'yan coci.

Kwana uku ban iya riƙe alƙalami ba. Yanzu da na iya, dole in faɗa maka abin da ke raina. Wane irin mutum ne kai? Yarinyar da muka goya, 'yar gidanmu, ta mutu a bakin aikin ceton rai, kai kuma ka fara mini da ɓera da fatar ogan? Sai can ƙasan takarda ka jefo maganar kamar wanda ya tuna ya bar buta a waje. Ba ranar da ta cika, ba inda aka binne ta, ba ko ta bar wata magana. Kuma ko numfashi ba ka ja ba ka koma tambayata shafi na uku. Tun kana yaro na san ba ka da tsari, amma ban san abin ya kai nan ba.

Tun da ba ka yi tunanin mahaifinta ba, ni na yi. Da gwiwar nan tawa na hau mota na je Wusasa. Na same shi a shagonsa. Na ce, "Baba, zauna." Ya ce shi ba ya zama da rana tsaka. Na faɗa masa a tsaye. Yunana, bai yi kuka ba. Ya ajiye zarto, ya share hannunsa a riga, ya ce, "Ta nemi ni?" Na ce ban sani ba, wanda ya rubuto bai ga amfanin faɗa ba. Sannan ya ce, "Ni na ce kada ta zo tawa. Ga shi ni ban je tata ba." Ya shiga ciki ya rufe ƙofa. Har na bar garin ina jin ƙarar guduma a shagon.

Na sanar a coci ranar Lahadi, an yi mata addu'a. Kwamiti kuma ya yi abin da ban zata ba. Waɗanda suka raina ku su ne suka fara cewa a keɓe waƙarku don tunawa da ita. Za a buga a takardar tsarin biki: "Don tunawa da marigayiya Justina Samuel, ma'aikaciyar jinya, wadda ta ba da ranta a Maradun." Na kai wa masu ɗab'i da kaina, na roƙe su su gaggauta don a aika Jos da Kano da wuri. Shafi na uku kuwa ogan kaɗai zai bi shi, ba murya, kowa ya ji gurbin da ta bari.

Ka rubuto mini komai dalla-dalla. Kuma ka tattara kayanta, kada a taɓa littafin waƙoƙinta.

Yayarka cikin baƙin ciki,
Cecilia

Talata Mafara,
28 ga Satumba, 1979

Yaya Cecilia,

Gaisuwa. Muna lafiya. Dukanmu. Ki sake karanta wannan kalmar: dukanmu. Justina tana nan da ranta, jiya ma ta ci tuwo a gidana har ta nemi ƙari.

Wasiƙarki ta ta'aziyya shekaranjiya ta iso, don motar Ɗanasabe ta lalace a Tsafe ta yi kwanaki a can, takardar tana aljihunsa. Ashe abin da kika aiko ya riga takardar isowa. Bari in ba ki labari, ki ji abin da kika jawo.

Ranar Talata ta makon jiya, ranar kasuwa, ina ofis sai ga Alhaji Lauwali, mai gidan da nake haya, ya shigo da sauri ko takalmi bai kakkaɓe ba. A bayansa wani tsoho da baƙar kwat, rana na dukansa, ya rungume wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Sai da na duba da kyau na gane Baba Samuel ne. Ya rame, Yaya. Alhaji ya ce a kara, kasuwar dabbobi, ya tsince shi, a tsakiyar shanu, yana tambayar mutane ina maƙabartar Kirista take.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ƙara rungume buhun. Ya ce, "Kai ni wurinta."

Na ce, "Wurin wa, Baba?"

Ya kwance buhun. Gicciye ne na maɗaci, ya goge shi yana ƙyalli, ya sassaƙa sunanta da shekarar haihuwarta, ya bar wurin ranar mutuwa ba rubutu. Ya ce, "Ba a gaya mini ranar ba. Na taho da kurfin sassaƙa, sai in ƙarasa a can."

Na tsaya ina kallon rubutun. Alhaji Lauwali ne ya leƙa ya ce in karanta masa abin da aka rubuta. Da na karanta, ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi! Malama Jastina? Tsoho, mi kake hwaɗi haka? Ai ran Juma'a ita ta yi ma jikata allura a Maradun, har tana yi man faɗa ban kawo ta da wuri ba!"

Baba ya dube shi, ya dube ni. Na rantse masa tana raye. Ya ce kada mu yi masa irin ƙaryar da ake yi wa tsofaffi. Ya ƙi ruwa, ya ƙi zama. Alhaji, Allah ya saka masa, ya bar cinikin shanunsa a ranar kasuwa, ya tayar da a-kori-kurarsa, muka kama hanyar Maradun. Duk hanya gicciyen yana kan cinyar Baba.

Mun iske ta a rumfar da suka mayar ɗakin shan magani, mata sun yi layi da yara a goye. Tana tsugune tana ba wani yaro ruwan gishiri da sukari da cokali. Ta ɗago ta gan mu. Ta ga baƙar kwat, ta ga gicciye, amma rubutun yana ta wajen ƙirjinsa. Cokalin ya faɗi. Ta taso ta ce, "Baba, wa ya mutu?"

Ya ce, "Ke."

Sai ya zauna a ƙasa cikin taɓo da kwat ɗinsa. Ya kama ƙafarta da hannu biyu yana taɓawa kamar mai duba katako. Yana cewa, "Justina. Justina." Ita ma ta zube. Matan layi ba su san abin da ake ciki ba, suka kama salati, wasu suka fara kuka. Alhaji Lauwali ya juya baya yana gyaran rawanin da bai kwance ba.

Da Baba ya dawo hayyacinsa, abin da ya fara nema sandarsa ce, kuma ni ya nufa da ita. A gaban mata da yara, Yaya, ni mai 'ya'ya huɗu, na zagaya rumfa da gudu.

Yanzu ki gaya mini, a ina na rubuta ta mutu? Na ce mun rasa ta. Mawaƙa sun rasa ta, an ɗauke ta an kai Maradun, ba ta zuwa koyon waƙa. Da mutuwa ce zan tsaya ba ki labarin ɓera? Wannan kaɗai bai isa ya sa ki tsaya ki yi tambaya ba? Sai kika kwashi gwiwa kika tafi Wusasa, kika sanar a coci, kika kai ɗab'i.

Gicciyen yana gidana, don Baba ya ce ba ya son ganinsa, Justina ta ce ita ma haka. Na tura shi ƙarƙashin gado, Matta ta ce ba za ta kwana a kansa ba. Na kai shi zaure, yara suka daina bi ta nan. Ki faɗa mini inda zan kai shi, tun da ke kika sa aka yi shi.

Ƙanenki,
Yunana

Kaduna,
8 ga Oktoba, 1979

Yunana,

Godiya ta tabbata ga Allah mai rayarwa. Na karanta layin farko na wasiƙarka na yi ihu har maƙwabta suka shigo. Na yi kuka, na yi dariya, na durƙusa a kan gwiwar da likita ya hana ni durƙusawa. Ka rungume mini Justina.

Amma kada ka kuskura ka ɗora mini. Na kai wasiƙarka ta farko wa mutum biyar, har da malamin Hausa na makarantarmu. Na ce su karanta su faɗa mini abin da suka fahimta. Ana binne yara da manya, tana kwana cikin masu ciwo, ba zan ɓoye miki ba, mun rasa ta, wurin zamanta babu kowa, jikin kowa ya yi sanyi. Duka biyar ɗin sun ce Allah ya ji ƙanta. Kalma ɗaya za ka ƙara, ka ce an yi mata canjin wurin aiki, da duk wannan bai faru ba.

Ka san halin da nake ciki? Ranar Lahadi na miƙe a gaban jama'a na ce wadda muka yi wa addu'a ba ta mutu ba. Wata tsohuwa a baya ta ce Halleluya, an ta da ita. Sai da Babban Fasto ya yi bayani sau biyu. Matan zumunta da suka kawo mini abincin makoki yanzu idan sun gan ni sai su kama tari.

Takardun biki kuwa an riga an buga, an aika Jos da Kano. Masu ɗab'i sun ce ba za su sake ba, aikin Kirsimeti ya cika musu hannu. Waɗanda suka rage a hannuna zan bi su ɗaya bayan ɗaya da jan biro in soke layin.

Saura abu ɗaya. Yanzu duk wanda zai zo bikin nan ya san sunan Justina. Idan ba ta tsaya a gabansu ta rera shafi na uku ba, ni ba zan ƙara shiga kwamitin nan ba, kunya ba za ta bar ni ba. Yadda za ka yi ka samo ta, kai ka sani.

Gicciye kuma ka ba Ɗanasabe ya kawo mini. Baba ya koma Wusasa?

Cecilia

Talata Mafara,
12 ga Nuwamba, 1979

Yaya Cecilia,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yi haƙuri da jinkiri. Muna lafiya, ciwon Maradun ma ya lafa, an gode Allah.

Ɗanasabe ya ce shi ba zai ɗauki gicciyen kabarin mai rai a motarsa ba ko nawa za a ba shi. Gicciyen yana bayan buhunan gero a ɗakin ajiyar Alhaji Lauwali, shi kaɗai ne bai ji tsoronsa ba.

Baba bai koma ba. Yana Maradun. Ya ce bencin da mata ke zama a ɗakin shan magani abin kunya ne, ya nemi katako ya fara gyara. Ya gama benci ya koma ƙofa, ya gama ƙofa ya koma tagogi. Ba ya ce mata yi haƙuri, ita ma ba ta ce masa. Faɗa suke yi a kan gishirin miya. Amma duk inda ta nufa idonsa na kanta.

Da na kai mata maganar waƙa ta ce ba za ta bar marasa lafiya ta je ta yi wa masu takalmi waƙar Turawa ba. Na yi lallashi har na gaji. Baba ne, yana can gefe yana fere, ya ce, "Uwarki ta rera irinta a Wusasa kafin a haife ki. Ba ta iya kai ƙarshen sama ba." Justina ta ce a ba ta takardar. Abokiyar aikinta Batulu ta yarda ta riƙe mata wurin kwana uku. Yanzu duk Asabar sai in kwashi mawaƙa mu je Maradun mu koya a rumfa, masu jiran magani suna kallonmu. Wata ta tambaye ni wa ya rasu muke wannan kuka a jere.

Ga mummunan labari, kuma ki karanta shi a hankali: ni, Yunana, ina raye, lafiyata ƙalau, amma ba zan zo ba. Manoman wajen Bakura sun fara tare hanyoyin aiki a kan maganar gonakinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Ofis ya hana kowa hutu sai abin ya kwanta. Wata uku ina fama da Jibrin, ranar da ya fara rage murya ita ce ranar da aka ce ba ni da tafiya. Sai ke ki tsaya a gabansu. Ki sa ido a kansa a shafi na biyu.

Za su taho a motar Ɗanasabe. Ya yi alkawarin wanke ta.

Ƙanenki,
Yunana

Kaduna,
27 ga Nuwamba, 1979

Zuwa ga ƙanena Yunana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya da iyali, kuma hanyoyinku sun buɗe ba tare da an taɓa kowa ba. Na san mawaƙanka za su ba ka labari, amma kowa zai gyara nasa, gara ka ji daga bakina.

Ɗanasabe bai wanke motar ba. Sun sauka a ƙofar babban coci ana saura kaɗan a fara, 'yan Jos da fararen rigunansu suka dare musu hanya. Na kwashe su zuwa bayan coci da bokiti da sabulu.

Na soke layin nan a duk takardun da ke hannuna. Abin da ban yi tunani ba shi ne mai gabatarwa. Baƙo ne daga Kano, dattijo mai son jin muryarsa, kuma da tasa takardar ya taho. Da aka zo kanku, mawaƙa sun jeru, na ɗaga hannu ke nan, sai ya sunkuyar da kai ya ce jama'a su miƙe a yi shiru don tunawa da marigayiya Justina Samuel. Baƙi suka miƙe. Mutanen Kaduna suka tsaya rabi a zaune rabi a tsaye suna kallona. Na so ƙasa ta tsage.

Sai Baba Samuel ya buga sandarsa a ƙasa daga layin gaba. Ka san muryarsa. Ya ce, "Ku zauna! Ga ta can, ta uku daga hagu, mai kunyar nan. 'Yata ce. Ni na je na duba da kaina."

Shekara goma sha biyar ina zuwa bikin nan ban taɓa jin an yi dariya a cikinsa ba. Har Bishop sai da ya rufe fuska da takarda.

Waƙar kuwa, ba zan yi maka ƙarya ba. Shafi na farko kun yi gudu. A na biyu Jibrin ya manta duk abin da ka koya masa, na harare shi har idona ya yi zafi. Masu murya ta uku sun shigo a makare. Sannan aka zo shafi na uku, kowa ya yi shiru, ta fara. Yunana, hannuna yana sama na manta in sauke shi. Ta hau, ta ƙara hawa, ta kai wurin nan na ƙarshe ta zauna a kansa kamar ba za ta sauko ba. Cocin nan mai tsawo ya ɗauki muryar ya riƙe bayan ta rufe baki. Ba a tafi a bikin nan, doka ce. 'Yan Jos ne suka fara karya ta.

Kwamiti ya ce ku dawo baɗi. Ban amsa ba tukuna, sai na ga ko gwiwata da zuciyata za su iya.

Washegari da za su tafi, Baba ya ce shi ma Mafara zai bi su, wai akwai kabad ɗin magani da bai gama ba. Ya ƙwace jakar Justina ya riƙe, tana cewa ya kawo, yana cewa ta rufe masa baki. Kafin ya hau mota ya ja ni gefe ya ce in ba shi takardar biki ɗaya. Na miƙa masa. Ya buɗe ya ga jan biro, ya mayar mini, ya ce ba wannan ba, wadda ba a soke ba yake so. Na ce, "Baba, me za ka yi da wannan abin kunya?"

Ya ce, "Ni na san halina, Cecilia. Wata rana za ta sake ɓata mini rai, bakina kuma zai so ya yi abin da ya saba. In na ji yana zuwa, sai in ɗauko in karanta."

Na bi mai gabatarwa har masaukinsa na karɓo tasa. Baba ya ninke ta biyu ya sa a aljihun ƙirji, Justina ta miƙo hannu daga saman mota ta jawo shi.

Ka gaishe da Matta da yara. Ka yi wa Alhaji Lauwali godiya ta musamman, ka ce masa wata tsohuwa a Kaduna tana sa shi a addu'a.

Yayarka,
Cecilia